Hannun Da Kaka Ba Ta Duba Ba

Mu duka na Allah ne, kuma wajensa za mu tattara. Kakata, uwar ubana, ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, bayan an gama kai hatsi rumbu. Yau kwana tara ke nan. Abin da na gani, na kuma ji a zaman makokinta ya tsaya mani a rai, ya ƙi wucewa, shi ya sa na ɗauko littafin da nake zuwa yaƙi da jahilci da shi na zauna rubutu. Hannuna bai nuna ba, wanda zai karanta ya yi haƙuri da shi.

Gida ya cika maƙil. Mata sun zo daga Cadawa, sun zo daga Gangara inda nake aure, har danginta na Tibiri sun iso kashegari. Kowace ta shigo sai ta zube ta ce, "Ayya tsohuwa! Ita ta yanke mani cibiya." Wata ta ce ita ta dafa mata ruwan jego haihuwa biyar. Wata maƙwabciyarmu kuka ta yi har ɗankwalinta ya faɗi. Amma ni ina nan tun safiyar da aka yi rasuwar, lokacin da liman ya aiko a yi mata wanka da wuri. Nan take wannan ta tuna ta bar tukunya bisa wuta, waccan ta ce bayanta ya riƙe, ta uku ta ce ba ta da tsarki. Mai kukan nan da ɗankwalinta ya faɗi, ita ce ta matso kusa da kunnena ta ce, "Ɗiyata, kin dai san hannun nan nata. Allah shi yafe mata kawai."

Muna tsaye cirko-cirko sai ga Goggo ta shigo, tsohuwar Bafillatar da ke kawo ma Kaka nono da man shanu tun ban san kaina ba. Ta sauke ƙwaryarta, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ina ruwan zafi? Ni da jikanya mun isa. Ku koma ku ci gaba da kukanku."

Mu biyu muka wanke ta.

Shekara bakwai ke nan garinmu na riƙe da magana ɗaya: wai hannun Kaka ne ya kashe ɗana na fari. Ƙarya ce. Na san hannun da ya yi, kuma abin da na kasa faɗa a tsakar gida zan faɗe shi a takarda, kada a binne sunanta da dauɗar da ba tata ba.

Kaka ungozoma ce, kuma ita ke da manyan tukwanen da ake dafa ruwan wankan jego a garinmu. Gajera ce, baƙa, mai saurin tafiya, goro ba ya barin kuncinta. Yaro ba ya gaishe ta ya wuce salin-alin. Kana durƙusawa za ta ce, "Kawo hannu, gaisuwa ta jira." Ta buɗe yatsunka ɗaya-ɗaya, ta leƙa tsakaninsu, ta juya wuyan hannun, sannan ta amsa maka. In ta ga ƙurji, ranar ka shiga uku, don sai ta bi ka har gaban uwarka. Ni kuwa wasan jika da kaka muke yi da ita ba sassauci. Tana ce mani uwar son jiki, ina ce mata tsohuwa mai ƙwaƙule-ƙwaƙule.

"Ke Kaka, wai mi kike nema cikin yatsun mutane, zinariya?"

"Ƙazantar gidanku nake nema, kuma kullum sai na samu."

Faɗa kuwa ba ta jin tsoron kowa. Na tuna ranar da ta tarar da wanzami ya zaunar da wani yaro mai ƙaiƙayi zai yi mashi tsaga, wai a fidda mugun jini. Da muciya a hannunta ta fito, tuwo na manne a jikinta. Ta ce, "Fata ta riga ta yage da susa, kai kuma ka zo ka ƙara mata ƙofa? Tashi!" Wanzami ya kwashi zabirarsa yana ƙunƙuni, shekara guda bai gaishe ta ba. Da matarsa ta zo haihuwa, Kaka ce ta kwana biyu a kanta, ba ta tada zancen ba.

Mutum ɗaya ne a duniya Kaka ba ta taɓa cewa ya kawo hannu ba, shi ne Baba. Shi ne ɗanta na fari, kuma ita mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake zaune. Tun da aka yaye shi ƙanwar ubansa ta ɗauke shi, ita ta raine shi. "Na zaure" take ce mashi. In tana da magana da shi, ko yana tsaye gabanta, sai ta juya ta fuskanci darnin karan da ya kewaye gida ko kajin gida ta ce, "A gaya ma na zaure rumbun gabas na yoyo." Shi kuma ya dubi ƙasa ya ce, "A ce mata an ji." Muna yara dariya abin ke ba mu. Manya kuma yabonta suke, suna cewa kunya irin ta tsohuwar nan ta ƙare a zamanin yanzu.

Shekarar da aka ce Nasara sun miƙa ƙasa, aka sauke tutarsu aka ɗaga tamu, Baba aka zaɓa shugaban komitin jam'iyya na garinmu. Kai, ranar gidanmu kamar ana suna! Daga nan bai ƙara zama ba. Yau taro a Gazawa, jibi a Maraɗi. Da bakinsa yake ba mu labari yadda suke kwana su goma ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya, ana jan bargon aro wannan ya ja wancan ya ja. Ya ɗinko wani farin kaftani mai dogon hannu har bisa yatsu, ba ya cire shi ko ana zafi. Ni lokacin na dawo gida goyon ciki. Da ɗari ya fara shigowa na haifi namiji.

Ba a yi suna da sati uku ba ƙazwa ta ɓulla. Ƙannena ta fara kamawa, a nan cikin gidanmu, sannan yaran maƙwabta, sannan iyayensu. Ɗari ya sa kowa na cusuwa cikin gwado ɗaya, uwa da 'ya'ya biyar, ga zanen goyo ana ara daga wannan gida zuwa wancan. Da rana da sauƙi, amma da an kwanta jiki ya ɗumama, sai susa. Yara suka yayyage jikinsu da farce, ƙurajen suka yi ruwa, suka yi mugunya, ƙuda na bi. Maza suka taru suka ce Fulanin da suka sauka gonakinmu cin kara su suka kawo ta, a tashe su.

Kaka ta yafa zane ta tafi rugar da ƙafarta. Ta duba hannun kowa, babba da yaro, ta dawo ta tsaya bakin masallaci inda mata ba su tsayawa.

"Yara biyu na samu da ita a ruga, su ne kuma masu zuwa wasa da namu. Daga gari ta tafi can, ba daga can ta zo ba. Wanda ya tashi mutanen nan, kada matarsa ta aiko mani ranar naƙuda."

Ba a tashe su ba.

Ranar kasuwar Cadawa ta hau jaki ta tafi gidan likita. Abin da ya gaya mata rabinsa ta riga ta sani, rabin ne sabo. Ya ce wata 'yar halitta ce da ido ba ya gani, tana haƙa rami cikin fata tana ƙwai. Tana bin jiki in ya daɗe manne da jiki, tana bin shimfiɗa da tufa. Mutum na iya ɗaukar ta makonni kafin ya fara susa, don haka in aka yi ma mai susa magani aka bar na kusa da shi, aikin banza aka yi. Sai an yi ma kowa rana ɗaya. Maganin da ke hannunsa bai isa ko gida uku ba, amma ya ce farar wuta in an niƙa ta an kwaɓa da mai tana yi, a shafe jiki daga wuya har tafin ƙafa kwana uku.

Da farko mutane gardama suka yi. Wai lafiyayye mi ya kai shi shafa abin wari? Sai ɗan maƙera, yaro ɗan shekara shida da ƙurajensa suka yi mugunya, ya tashi fuskarsa ta kumbura har ido ya rufe, ƙafafu suka yi suntum, fitsarinsa ya koma kamar ruwan jiƙon goro, shi ma ɗan kaɗan. Da kyar ya sha. Wannan ne ya sa kowa ya yi laushi.

Wanda bai ga kwana ukun nan ba, ba zai gane wace ce Kaka ba. Ta sa aka fiddo tukwanen jego duka aka jera bakin rijiya, aka hura masu wuta. Zane, riga, bante, zanen goyo, duk aka tafasa. Tabarmi da buzaye aka baza bisa darni da rufin rumbuna, rana ta gasa su. Goggo da matan ruga suka kawo man shanu ƙwarya-ƙwarya, aka haɗa da man gyaɗa, 'yan mata na niƙa farar wuta suna atishawa. Gari ya ɗauki wari, har mutanen ƙauyen gaba suna tsokanarmu wai sun ji mu tun daga hanya. Mata da yara Kaka ta shafe su da hannunta. Maza kuma liman ya tattara su bayan masallaci, shi ya fara tuɓe riga. Kafin a shafa ma kowa sai ya bi ta gabanta ya miƙa hannu. Maigari ya miƙa. Liman ya miƙa yana dariya, yana cewa, "Iya, a duba da kyau, hannun nan ke gaisawa da gari duka."

Baba bai je bayan masallaci ba. Ya ce ma liman a gida za a shafa mashi. Ina zaune bakin ƙofar ɗaki da yammacin ranar farko, ya shigo zai wuce, hannuwansa cikin kaftani. Kaka na durƙushe gaban kaskon magani. Ta juya ta fuskanci darni.

"A tambayi uwar ɗakin nan, na zaure ya shafa?"

Inna, uwata, ta fito tana goge hannu da zane. "Ya shafa, Iya. Ni na shafa mashi da kaina. Shi ma ba shi da komi, don dai an ce kowa da kowa ne."

"To madalla," in ji Kaka. Ta ci gaba da kwaɓa maganinta.

Kafin wata ya zagayo gari ya yi tsit, ba mai susa. Aka riƙa kawo ma Kaka goro da kaji. Jinjirina kaɗai ne ƙazwa ta dawo mawa. Aka sake shafa mashi, ɗan kaɗan yadda jikinsa zai ɗauka, aka sake tafasa tsummokinsa da zannuwana, ni ma aka sake shafe ni. Ta lafa kwana goma, ta dawo. A tafin hannunsa, a tafin ƙafarsa, har cikin gashin kansa. Kaka ta rasa inda za ta sa kanta. Ta canza mana tabarma, ta ƙone katifar kaba, ta hana kowa aron zanen goyonsa.

Ni fa ɗana na fari ne, don haka ni ma kunyar ta hau kaina. Ba na ɗaukarsa gaban mutane, ba na yi mashi wasa, nono ma sai na shiga ɗaki na juya baya. Mutum biyu ne ke riƙe shi. Kaka ke yi mashi wanka safe da yamma. Baba kuma, in dai yana gari, kowace safiya sai ya aiko a kai mashi abokinsa. Ya buɗe wuyan kaftani ya saka shi ciki, jiki da jiki, wai ya ji ɗumi, ya zauna da shi a rana bakin zaure har hantsi ya ɗaga. Kowa ya wuce sai ya ce, "Kai, wannan jika ya samu kaka!" Ni ma daɗi nake ji, wallahi. Ina leƙe ta kafar darni ina murmushi.

Karo na uku ƙurajen suka fashe suka haɗe, ƙafarsa ta yi ja ta kumbura, jikinsa ya yi zafi rau. Ya ƙi nono. Muka kama hanyar Cadawa da sassafe, Kaka na goye da shi, ina bin ta a baya. Ba mu kai ba. Gindin wani gawo ta tsaya, ta kwance goyon, ta dube shi, ta mayar ta ɗaure. Ta ce, "Mu koma gida." Da muka iso na buɗe baki zan yi kuka, Inna ta mintsine ni a cinya, ta ce ɗan fari ne, kada in ba su kunya gaban surukai. Na haɗiye. Watansa uku da kwana shida.

Ban san bakin da ya fara ba, amma kafin a yi kwana uku magana ta gama gari. Wane hannu ne ya taɓa ƙazwar kowa da kowa? Na tsohuwa. Wane hannu ne ke wanke jinjiri safe da yamma? Na tsohuwa. To ai ta kwashe ciwon gari ne ta juye ma ɗan tattaɓa-kunnenta. Ga shi kuwa hannuwanta sun tsattsage saboda farar wuta da ruwan zafi, duk wanda ya kalla sai ya ce ga shaida. Matan da ta shafe da hannunta suka fara janye 'ya'yansu in ta doso. Aka haihu gidan maigari, aka aika ƙauyen gaba aka ɗauko wata ungozoma.

Kwana huɗu da binne ɗana, bayan azahar, na shiga ɗakin Inna ɗaukar rariya ban yi sallama ba. Baba na zaune bisa buzu ba riga. Inna na durƙushe bayansa da kaskon farar wuta. Na ga wuyan hannunsa, na ga hammatarsa, na ga cikinsa zagaye da inda mazagi ke zama. Duk ƙuraje ne, tsofaffi da sababbi, wasu sun yi ɓawo. Ƙirjin nan da yake manna ɗana a kai, duk sawun farce. A hannun Inna ma ta dawo.

Baba ya ja riga ya rufe jikinsa. Inna ta biyo ni waje ta damƙe mani hannu.

"Ba ki ga komi ba."

"Inna, kin ce ma Kaka kin shafa mashi."

"Jibin ranar za su gaida sabon kumandan, mai mulkin yankin nan, a Gazawa. Ya tafi yana warin farar wuta, 'yan hamayya su sa mashi suna mai ƙazwa? Ciwon yara da marasa wanka? Ya ce in ya dawo za a yi. Da ya dawo kuma an gama, kunya ta hana shi."

"To ɗana fa?"

"Kwanansa ne ya ƙare. Ubanki ne, ki rufe bakinki."

Na rufe, ina jiran ya buɗe nasa. Na ce mutum ne mai salla, ba zai bari a ci naman uwarsa yana ji ba. Abin da ya yi shi ne, ya sa aka yi ma Kaka 'yar bukka can bayan rumbuna, aka ware mata akushi da moɗa, wai don hankalin mutane ya kwanta. Tir! Shi da ya kwaso ta daga bargon taro ya kawo mana gida, shi ne mai ware ma wani akushi.

Kafin in koma Gangara na je bukkar na ce, "Kaka, na ga wani abu a jikin Baba." Ta ɗaga mani hannu. "Ba a kawo mani zancen na zaure." Na ɗauka kunyar ce ta hana ta saurara, ba ta san abin da zan faɗa ba. Shekara bakwai ina jin haushi a madadinta, ina ce ma kaina baiwar Allah an zalunce ta ba ta ma san wanda ya zalunce ta ba.

A shekarun nan ba ta taɓa kai ƙara wajen kowa ba. Tukwanenta aka riƙa ara ba a gayyatar mai su. Ta koma kaɗi, tana zaune bakin bukka da mazari. Goggo kaɗai ke shiga ta zauna bisa tabarmarta, su sha fura moɗa ɗaya. Ni kuwa 'ya'ya biyu da na haifa bayan nan, duk na kawo mata ta yi masu wankan farko, dangin mijina na surutu ina toshe kunne. Ranar da na miƙa mata ta biyun sai da ta ɓoye hannuwanta cikin zane, ta ce, "Uwar son jiki, ba ki tsoro?" Na ce, "Karɓi ki wanke mani ɗiya, tsohuwa, ruwa na hucewa."

Da aka aiko mani jikinta ya yi tsanani, na zo na tarar ta ƙanƙance. Kwana biyu kafin ta cika, da la'asar, na fito da ita inuwar rumbu ina ba ta kunu. Na ce yau kam sai ta ji, ko tana so ko ba ta so.

"Kaka, ba hannunki ba ne. Baba ne. Bai shafa maganin nan ba, Inna ƙarya ta yi maki. Da idona na ga jikinsa."

Ta ture ludayin. Ta dube ni.

"Na sani."

"Wa ya gaya maki?"

"Ba wanda ya gaya mani. Ranar da na tambayi uwarki, da ya zo wucewa, na ga yana goga wuyan hannunsa da gefen ƙofa. Ni da na shekara arba'in ina kallon masu ƙazwa, in kasa gane wannan gugar? Hannun riga kawai zan ɗaga. Taku uku ne tsakaninmu."

"To mi ya hana ki?"

"Tun yana cikin tsumma nake kau da kai daga gare shi. Ranar ma wuyana da kansa ya juya. Da uwarki ta ce ya shafa, sai na ji daɗi, na karɓa. Da ta dawo ma yaron karo na biyu, ina ganin ana kai shi zaure kowace safiya, na ce gobe zan aika a faɗa mashi. Gobe, gobe, har muka kai gindin gawo."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mani ruwan jego a fuska. Na ajiye ƙwaryar kunun don kada in jefar. Matar da ta kori wanzami da muciya, ta tsaya bakin masallaci ta tsawata ma maza, ta duba hannun liman da na maigari, ita ce ta kasa taku uku saboda ɗana. Na ce mata haka, ban rage komi ba. Na ce, "Ashe har da ke. Shekara bakwai ina yi maki kuka, ashe ku uku kuka haɗu kuka bar ni ni kaɗai cikin duhu."

"Har da ni," ta ce. "Shi ya sa da suka ce hannuna ne ban musa ba. Ban taɓa ba shi komi ba tun da na haife shi, ko loma ɗaya a baki. Wannan ce kaɗai na samu na ɗaukar mashi."

"Da ɗana kika biya."

Can ta kira sunan Baba, a hankali, sau ɗaya, ba don ya ji ba. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Na tashi na bar ta a inuwar, sai Goggo ce ta maida ta ɗaki. Kashegari na dawo na ci gaba da ba ta kunu, ba mu sake tada zancen ba.

Laifinta na faɗe shi, ban ɓoye ba, tsakaninta da Ubangijinta ne da ni. Amma laifin da gari ya ɗora mata ba shi ne nata ba. Hannunta bai cuci kowa ba, hannunta ne ya raba garin nan da ƙazwa. Ita ta ɗauki rabonta har da na wani, ta biya shekara bakwai a bayan rumbu. Saura wanda bai biya komi ba.

Safiyar addu'ar uku na sami Baba shi kaɗai a zaure kafin mutane su taru. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, yau gari duka zai hallara. Ta tafi, ba sauran kunya tsakaninku. Matsayin da kake tsoron rasawa ma ya daɗe da komawa hannun wani. Magana ɗaya nake roƙo, ka gaya masu ba hannunta ba ne."

Ya daɗe yana jan carbi. Idonsa ya kawo ruwa, na gani.

"Na ji, ɗiyata. Zan yi magana."

Na yarda da shi. Na koma cikin gida har da sauri, na samu wuri jikin darnin da ya raba mu da ƙofar gida, inda mata ke zama su ji addu'a. Inna ta zauna gefena. Aka yi karatu, aka raba goro da waina. Liman ya ce in akwai mai magana daga cikin iyalin mamaciya, ya yi kafin a shafa fatiha. Na ji Baba ya yi gyaran murya, na ji ƙarar rigarsa da ya miƙe.

"Jama'a, kun san abin da ya faru a gidan nan shekarar ƙazwa. Tsohuwa ba da gangan ta yi ba, alheri ta nufa. Ina roƙon duk wanda ke riƙe da ita a zuci ya sake ta. Ni da aka rasa jika a gidana, ga ni gabanku, na yafe mata duniya da lahira."

Maza suka ɗauka gaba ɗaya, "Allahu akbar! Allah shi yi maka albarka!" Liman ya ce samun ɗa irin wannan rahama ce ga mamaci. Matan da ke kewaye da ni suka fara sharar hawaye. Goggo ce kaɗai ta miƙe, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita ba ta yi ma kowa sallama ba.

Bakina a buɗe yake, maganar na kan harshena, darni ne kawai tsakanina da su. Liman ya ja fatiha, tafukan hannu suka tashi ko'ina. Inna ta taɓa ni da gwiwar hannu.

"Ɗaga hannunki mana, ana kallonki."

Allah ya jiƙanki, Kaka, ya sa kin huta. Na ɗaga. Da suka shafa, ni ma na shafa.